Ƙarin Shekara ga Ɗan Wasan da Ya Ji Rauni a Jami'o'in Amurka: Haƙƙi ne ko Alfarma?

Gabatarwa

A cikin watan Janairu na shekarar 2024 aka sanar a Amurka cewa an yarda wa wani ɗalibi mai suna Cam McCormick ya buga wa Jami'ar Miami ƙwallo a shekararsa ta tara a jami'a. Nan da nan jama'a suka mai da maganar abin dariya, ana cewa wanda ya shekara tara a jami'a ai digirin likita ya kamata ya fito da shi. Lalle akwai abin mamaki a ciki, domin tsaransa Justin Herbert, wanda suka shiga Jami'ar Oregon tare a 2016, tun 2020 ya zama ƙwararren ɗan wasa mai cin albashi. Amma kaɗan ne daga cikin masu dariyar suka tsaya suka lissafa yadda shekarun nan suka tafi. McCormick ya karye a ƙafa a wasan farko na 2018. Karayar ta ƙi warkewa yadda ya kamata, aka yi ta yi masa aiki, har 2019 da 2020 suka wuce bai buga ko wasa ɗaya ba. Da ya dawo a 2021, a wasa na biyu agararsa ta tsinke. Watau shekara huɗu a jere ya yi yana jinya, kuma raunukan nan duka a fili ya same su, yana sanye da rigar jami'arsa.

Tambayar da wannan maƙala ta ɗauko ita ce: idan rauni ya cinye wa ɗalibi shekarar wasa, mayar masa da ita haƙƙinsa ne, ko kuwa alfarma ce ake yi masa? Ra'ayin da za a kare a nan shi ne haƙƙinsa ne, domin bashi ne a wuyan jami'ar da ta saka shi a fili. Sai dai bashin yana da iyaka, kuma bai kamata hanyar biyansa ta zama guda ɗaya tak ba, watau a sake tura mai raunin cikin fili.

Wasan da Masu Kula da Shi

Kafin a shiga cikin dokar, ya kyautu a fayyace wa mai karatu irin wasan da ake magana a kansa. Abin da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa ya sha bamban da wanda sauran duniya ta sani. Ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ne, yawanci da hannu ake ɗaukarsa a ruga da shi ko a jefa, kuma hanyar tsai da mai gudu ita ce a cafke shi a kayar da shi ƙasa. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da sulken kafaɗa, wasunsu ƙarti ne da nauyinsu ya haura kilo 130. Karo da juna yana cikin ƙa'idar wasan. Saboda haka karaya da targaɗe da tsinkewar jijiya da buguwar kai ba baƙi ba ne a cikinsa.

Ƙungiyar da take tsara wasannin jami'o'in ƙasar ita ce NCAA, kuma rauni ne ya haife ta. A kakar wasa ta 1905 'yan wasa aƙalla 18 suka rasa rayukansu a makarantu da jami'o'i. A cikin wannan shekara Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa ya nemi a gyara wasan. A 1906 aka kafa ƙungiyar, a 1910 ta ɗauki sunan da aka san ta da shi. Ke nan dalilin kafuwarta na farko shi ne kare lafiyar ɗalibi.

Daga baya wasan ya zama babbar kasuwa. Akwai jami'o'in da filayensu suke ɗaukar 'yan kallo fiye da 100,000, gidajen talabijin kuma suna biyan biliyoyin daloli domin su nuna wasannin. Shekaru da yawa ɗalibin ba ya samun kome in ban da sukolashif. A watan Yuni na 2021 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Alston, alƙalanta tara duka suka ba NCAA rashin gaskiya. Daga watan Yuli na wannan shekara aka ƙyale 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu. Sa'an nan a watan Yuni na 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya tanadi diyyar dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Tun daga nan shekara ɗaya ta wasa ta zama dukiya, rigima a kanta kuwa ta ƙaru.

Yadda Dokar Take

Abin da za a bayyana a nan shi ne dokar manyan jami'o'i kamar yadda aka yi aiki da ita har zuwa kakar wasa ta 2025. Ginshiƙinta shi ne wa'adin shekara biyar. Daga ranar da ɗalibi ya fara cikakken karatu a jami'a, yana da shekara biyar a jere, a cikinsu kuma kaka huɗu kaɗai zai buga. Shekara ɗayan da ta yi saura ita ce rarar da aka bar masa. Yawanci masu horarwa sukan kashe ta tun a shekarar farko, su ajiye yaro ya riƙa atisaye ba ya shiga gasa har jikinsa ya yi ƙwari. Wanda aka ajiye haka shi suke kira mai jar riga. A 2018 aka sassauta, aka ce ɗan ƙwallo yana iya buga wasa huɗu a kaka ba tare da an ƙirga masa ita ba.

Bayan wannan akwai rangwamen jinya, wanda shi ne ya shafi mai rauni kai tsaye. Sharuɗɗansa uku ne. Na farko, raunin ko ciwon ya zama wanda ya hana shi wasa har ƙarshen kakar. Na biyu, ya same shi kafin a shiga rabi na biyu na kakar. Na uku, kada ya zama ya buga fiye da wasa uku ko kashi 30 cikin 100 na wasannin kakar, duk wanda ya fi yawa a cikinsu. Da yake wasa 12 ake yi a kaka, lissafin yakan tsaya a kan wasa huɗu. Idan sharuɗɗan suka cika, sai a mayar masa da kakar.

Amma mayar da kaka ba ya tsai da wa'adin shekara biyar. Wanda yake son shekara ta shida dole ya nemi tsawaita wa'adi, wannan kuwa wata ƙofa ce dabam. Asalin ƙa'idarta shi ne ya nuna ya rasa fiye da kaka ɗaya saboda abin da ya fi ƙarfinsa. Daga baya aka yarda da wanda aka ajiye a shekararsa ta farko, sa'an nan rauni ya ci masa wata kaka guda. A kowane hali jami'a ce take shigar da takardar neman, kuma ana buƙatar shaidar likita wadda aka rubuta a lokacin da ciwon ya faru. Daɗin daɗawa, saboda annobar korona an yafe wa kowa da kowa kakar 2020, ba a ƙirga wa kowa ita ba. Haɗuwar waɗannan ƙofofi ita ce ta kai McCormick shekara tara.

Inda Dokar Ta Yi Rana

Rangwamen nan ya taimaki mutane da dama. Jason White na Jami'ar Oklahoma jijiyar gwiwarsa ɗaya ta tsinke a 2001, ta ɗayar kuma a 2002. Ya dawo a 2003 ya ci kambun Heisman, wanda ake ba ɗan wasan da ya fi kowa a jami'o'in ƙasar, aka kuma ba shi shekara ta shida a 2004. Bai taɓa buga wasan ƙwararru ba, gwiwoyinsa ba su bar shi ba. Haka kuma Case Keenum na Jami'ar Houston, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa na uku na 2010, shekarar da ya kamata ta zama ta ƙarshe a gare shi. Aka ba shi ta shida, a 2011 ya kafa tarihin jifa mai tsawon yadi 19,217 a zamansa na jami'a, daga nan ya yi shekaru a cikin ƙwararru.

Misalin White ya fi na Keenum kama da halin yawancin ɗalibai. Ƙididdigar NCAA da kanta ta nuna waɗanda suke samun shiga gasar ƙwararru ta NFL ba su kai biyu cikin ɗari ba. Ga sauran, kakar da rauni ya ci ba ta da madadi a wani wuri. Tana cikin huɗun nan da za su taɓa samu a rayuwarsu, kuma tun daga 2021 tana cikin 'yan shekarun da jikinsu zai iya samo musu kuɗi da wasan.

Asalin Bashin

Mai karatu yana iya tambaya, me ya sa za a ce bashi ne? Ai ɗalibin da kansa ya zaɓi wasan, ya kuma san hatsarinsa. Amsar tana cikin tarihin yadda jami'o'in suka yi da masu rauni.

A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison na kwalejin Fort Lewis a jihar Kolorado ya bugu a ka a cikin wasa, ya rasu. Matarsa ta nemi diyyar da doka ta tanada ga iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. A 1957 Kotun Ƙoli ta jihar ta hana ta, bisa hujjar cewa kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A 1974 Kent Waldrep na Jami'ar TCU ya karye a wuya a wasansu da Alabama, jikinsa ya shanye. Ya daɗe yana shari'a, a 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Texas ta ce shi ba ma'aikacin jami'a ba ne. Walter Byers, wanda ya fara shugabancin ofishin NCAA a 1951, ya bayyana a littafinsa na 1995 cewa da gangan aka yaɗa laƙabin ɗalibi ɗan wasa, domin a toshe ƙofar irin wannan neman diyya.

A nan hujjar take. Jami'o'in sun tsaya kai da fata cewa ɗan wasa ɗalibi ne, saboda haka ba shi da diyyar ma'aikaci. To, idan ɗalibi ne, sai a yi masa abin da ake yi wa ɗalibi. Babu jami'ar kirki da take ɗaukar wanda ciwo ya kwantar ranar jarrabawa a matsayin wanda ya faɗi. Ana ɗage masa ne har ya warke, balle a ce a cikin hidimar jami'ar ciwon ya same shi. Idan kuwa ma'aikaci ne, to, a biya shi diyya kamar kowane ma'aikaci. Ba ya yiwuwa a kira shi ɗalibi ranar biyan diyya, a kuma hana shi uzurin ɗalibi ranar ƙidayar shekaru. Jami'a ta sayar da tikiti, ta karɓi kuɗin talabijin, ta yi suna da guminsa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Gaskiya ne an sami ci gaba. Daga watan Agusta na 2024 aka wajabta wa manyan jami'o'i su ɗauki nauyin maganin raunin wasa har shekara biyu bayan ɗalibi ya bar su, aka kuma hana su janye sukolashif saboda rauni. Wannan ya nuna su ma sun amsa cewa akwai bashi. Abin da ya rage shi ne a amsa cewa shekarar da ta salwanta tana cikinsa.

Inda Dokar Ta Gaza

Aibi na farko yana wurin da aka ja layi. A ɗauki ɗalibai biyu da suka riga suka kashe rararsu, masu rauni iri ɗaya. Ɗaya gwiwarsa ta lalace a wasa na huɗu, ɗaya kuma a na biyar, mako guda tsakaninsu. Na farko za a mayar masa da kakarsa. Na biyu ya yi asararta, alhali wasa bakwai daga cikin 12 sun wuce shi. Kowace doka tana da layi, wannan ba abin musu ba ne. Amma layin da zai ƙirga wa mutum cikakkiyar kaka bayan ya rasa fiye da rabinta bai zauna daidai ba. Har ila yau sharaɗin nan na cewa raunin ya hana wasa har ƙarshe yana hukunta mai ƙoƙari. Wanda ya ji ciwo da wuri, ya yi jinya, ya daure ya dawo a ƙarshen kaka domin ya taimaki 'yan'uwansa, ya fita daga cikin masu rangwame. Wanda ya yi zamansa shi ne ya tsira.

Aibi na biyu shi ne an rataya haƙƙin ɗalibi a kan takardun da ba shi yake rubuta su ba, ba shi yake ajiye su ba. Babbar jami'a tana da likitoci da ma'aikatan da aikinsu ke nan, rubuta kowane ciwo da ranarsa. Ƙaramar kwaleji ba lalle ta sami haka ba. Yaro ɗan shekara 19 da yake kwance ba ya tunanin wata takarda da za a nema bayan shekara uku. Shari'ar Trinidad Chambliss ta fito da wannan fili. Ya fara ne a Jami'ar Ferris State, wadda take rukuni na biyu, bai buga wasa ba a 2022, ya koma Jami'ar Misisipi a 2025 ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa. Jami'ar ta nema masa ƙarin shekara bisa cewa ciwon da ya shafi numfashi ne ya hana shi wasa a 2022. A watan Janairu na 2026 NCAA ta ƙi, ta ce ba a kawo shaidar likita ta wancan lokaci da ta gamsar ba. Ko wane ne mai gaskiya a tsakaninsu, abin lura shi ne gardamar ta koma kan abin da wani ya rubuta ko ya kasa rubutawa shekaru uku da suka wuce.

Aibi na uku ya biyo bayan na biyu. Chambliss ya kai ƙara kotun jihar Misisipi, a watan Fabrairu na 2026 alƙali ya ba da umurnin wucin gadi da ya buɗe masa hanya. Kafin shi, a watan Disamba na 2024, Diego Pavia na Jami'ar Vanderbilt ya sami irin wannan umurni daga kotun tarayya a jihar Tennessee. Maganarsa ba ta rauni ba ce, ta shekarun da ya yi a ƙaramar kwaleji ce, amma ita ta nuna wa saura hanyar kotu, ƙararraki suka yi ta biyo baya, wasu suka ci, wasu suka faɗi. Shari'a kuwa sai da lauya, lauya sai da kuɗi. Tauraron da jami'a take son riƙewa zai sami masu tsaya masa. Mai tsaron baya da ba a san sunansa ba, ko da rauninsa ya fi tsanani, sai ya tattara kayansa. Dokin mai baki ya fi gudu. Duk haƙƙin da ba a samu sai da suna da lauya ya riga ya koma alfarma.

Aibi na huɗu ya fi sauran nauyi, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Ƙarin shekara ba ya warkar da jiki. Cam Rising na Jami'ar Utah ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan Rose Bowl na Janairu 2023, ya rasa kakar 2023 gaba ɗaya. Ya dawo a 2024, shekararsa ta bakwai, ya ji ciwo a hannu, sa'an nan a ƙafa, wasa uku kaɗai ya buga. A 2025 ya bar wasan bisa shawarar likitoci. Tun da daɗewa akwai tsarin da yake bar wa wanda likita ya hana wasa sukolashif ɗinsa har ya gama karatu. Wannan ya isa a zamanin da sukolashif ne kaɗai ladan wasa. Yanzu da kuɗi suka shigo, idan hanyar ci gaba da samunsu ita ce komawa fili, to, saurayin da iyalinsa suka dogara da shi zai fi jin kiran fili da gargaɗin likita.

Hujjojin Masu Adawa

Masu ƙin ƙarin shekara suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce ta shekaru. Namiji ɗan shekara 25 da ya daɗe yana ɗaga ƙarfe ba tsaran yaro ɗan 18 ba ne, haɗa su a wasan karo hatsari ne ga ƙaramin. Ta biyu ita ce ta gurbi. Sulhun House ya ƙayyade wa jami'o'in da suka shiga cikinsa 'yan ƙwallo 105. Duk gurbin da tsohon ɗalibi ya riƙe, wani yaro ne da ya gama sakandare aka hana shi.

Waɗannan hujjoji biyu gaskiya ne, amma abin da suke nema shi ne a sa iyaka. Ba su kai ga a soke haƙƙin ba. Ban da haka, cunkoson manyan ɗalibai da aka gani daga 2021 zuwa 2024 yawancinsa daga kakar korona ya fito, wadda aka ba dubban masu ƙoshin lafiya. Bai dace a ɗora wa mai karaya laifin abin da annoba ta jawo ba.

Hujja ta uku ita ce ta maguɗi. Ana tsoron mai horarwa da ɗan wasa su haɗa baki su mai da targaɗe karaya domin su ci ribar shekara. Wannan tsoro yana da tushe, tun da likitan da yake ba da shaida yakan zama jami'ar ce take biyansa. Maganinsa shi ne a canja mai shaida. Hana mai gaskiya domin tsoron maƙaryaci ba adalci ba ne.

Hujja ta huɗu ita ce jami'a wurin karatu ce, ba gidan ƙwallo ba. Haka ne. Sai dai doka ta riga ta ce ba mai buga wasa sai yana cikin karatu, kuma da yawa daga masu shekara ta shida digiri na biyu suke yi. In da abin zargi a nan, yana kan jami'ar da ta gina fili mai cin mutum 100,000, ba kan ɗalibin da ya karye a cikinsa ba.

Akwai kuma shawarar da aka yi ta tattaunawa a 2025, cewa a ba kowa kaka biyar a cikin shekara biyar, a soke jar riga da rangwame duka. Shawarar tana da kyau ta fuskar sauƙi, domin za ta rage takardu da ƙararraki, kuma shekara ta biyar za ta rufe wa wanda ya rasa kaka ɗaya asiri. Amma ga irin su White da McCormick, waɗanda rauni ya ci musu kaka biyu ko fiye, ba ta tanadi kome ba. Mai lafiya zai tashi da biyar, su kuwa su tashi da uku ko biyu. Daidaita mai lafiya da gurgu a tsere ɗaya sauƙi ne ga alƙalin wasa kawai.

Kammalawa

Ko wane irin wa'adi aka tsayar, huɗu cikin biyar ne ko biyar cikin biyar, akwai abubuwa huɗu da ya kamata dokar mai rauni ta ƙunsa.

Na farko, a rubuta raunin a lokacin da ya faru, a hannun likitan da ba jami'a take biyansa ba, a ajiye shaidar a wuri guda inda ɗalibin zai iya samunta ko ya canja makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ma ɗalibin a ba shi ikon shigar da takardarsa da kansa, kada ya jira sai jami'a ta ga tana da bukatarsa.

Na biyu, ma'aunin ya zama yawan abin da aka rasa. Wanda ciwo tabbatacce ya hana shi fiye da rabin wasannin kaka, a farkonta ne ko a ƙarshenta, a mayar masa da ita, wa'adinsa kuma ya ƙaru da shekara guda ba tare da wani sabon roƙo ba.

Na uku, a sa iyaka. Kada abin da za a mayar wa mutum ɗaya ya wuce shekara biyu. Wannan zai kare yara masu tasowa da gurabensu, zai kuma kare shi mai raunin, domin jikin da ya karye sau uku ya riga ya faɗi abin da zai faɗa.

Na huɗu, a ba shi zaɓi. Wanda likita ya ce kada ya koma, ko shi da kansa ya ga bai kamata ba, a biya shi shekarar ta wata hanya: karatunsa ya ci gaba kyauta, maganinsa ya zama a wuyan jami'a, kuɗin da aka yi alkawari da shi na wannan kaka kuma a cika masa, ba tare da ya tare gurbin kowa ba.

Ƙungiyar da aka kafa a 1906 saboda samari suna mutuwa a fili ba ta da uzurin barin makomar masu rauni a hannun sa'a da lauyoyi. Idan aka rubuta haƙƙin a sarari, aka sa masa iyaka, aka kuma raba shi da tilascin komawa fili, tauraro da wanda ba a san sunansa ba za su sami hukunci iri ɗaya, kuma kowannensu zai san matsayinsa tun yana kan gadon asibiti.